Babi na Shida: Daga Bakin Kogi Zuwa Bakin Kwalta

Duk wanda ya bi babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Diffa zuwa Ngigmi bayan shekarar 2015 ya ga garuruwan da babu su a taswira. Dama da hagun kwalta bukkoki ne na zana da kara da tamfol, sun jeru har ido ya gaji: Asaga, Ngagam, Kinjandi, can gaba kuma Kablewa. Wasu sunayen na wurin ne tun fil azal. Wasu kuwa ɗauko su aka yi tare da tabarma da tukunya. Asaga ta ainihi tana bakin kogin Komadugu, ɓangare ɗaya a Nijar, ɗaya a Najeriya. Da mutanenta suka tashi suka sauka a kan rairayi, sai suka ci gaba da kiran sabon zangon da sunan tsohon gari, kowace unguwa ta kafa bukkokinta kusa da bulamanta, maƙwabci ya nemi maƙwabcinsa na da.

Tsakanin tsohon gari da sabon zango sau da yawa tafiyar yini guda ce a ƙafa, wani lokaci ma ba ta kai haka ba. Shi ya sa baƙo daga nesa yake kasa gane dalilin da zai sa dattijo ya zauna a inuwar tamfol yana zancen gida kamar wanda aka jefa wata duniya. Ai ga garin naku nan kusa, in ji baƙon. Amma nisan da mutanen nan ke ji ba na ƙafa ba ne, kuma ba a gane shi sai an san irin kogin da suka baro.

Komadugu bai kai Kwara girma ba, kuma ruwansa ba na nan ba ne. Kogin Haɗeja ne ke taho da shi daga ƙasar Kano, na Jama'are daga tsaunukan Jos, su gauraya a fadamun Haɗeja da Nguru, su wuce Gashuwa da Gaidam, sannan kogin ya zama iyakar Nijar da Najeriya na kimanin kilomita 150 kafin ya faɗa tafkin Chadi a wajen Bosso. Saboda wannan doguwar tafiya, ruwan da ya sauka a Kano cikin watan Agusta ba ya cika gaɓar Diffa sai wajen Nuwamba da Disamba, lokacin da manomin tudu ya riga ya zuba gero a rumbu ya zauna. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun rage masa ƙarfi, amma bai daina zuwa ba. Da bazara kuma sai ya tsinke ya zama tafkuna, yaro ya tsallaka Najeriya da ƙafa ya sayo sukari ya dawo.

A kan wannan zuwa da tafiya Barebarin Mobar da maƙwabtansu suka gina shekararsu. Da damina a yi rainon irin tattasai, a dasa shi kafin ruwan sama ya ɗauke, sannan ƙarar injin ban-ruwa ta cika kwarin tun asuba. Daga farkon sanyi a shiga tsinka, kuma ba sau ɗaya ake yi ba. A tsinke, a bar shi ya sake nuna, a dawo. Mata da yara su ne kan gaba, hannuwansu na raɗaɗi, suna zuba jajayen 'ya'yan a kan shararren fili inda za su bushe. Wanda ya taɓa tsayawa a bayan gari irin wannan lokaci ya san yadda ƙasa take yin ja har bakin gonaki, ya san ƙamshin da ke shiga maƙogwaro ya sa atishawa, ya san ƙarar busasshen tattasai idan ana danna shi cikin buhu da ƙafa. Jan zinariya ake ce masa, kuma ba kirarin banza ba ne: kwarin kan fitar da wajen tan dubu 10 a shekara kafin rikici, mafi yawansa Najeriya yake nufa. Ga shinkafa, ga alkama, ga albasa, ga tarwaɗa da karfasa. Da kuɗin tattasai ake aure, da shi ake rufin kwano, da shi ake zuwa Makka.

Kogin nan iyaka ne a takarda kawai. Garuruwa da dama tagwaye ne, ɗaya a kowace gaɓa, suna ɗaya, dangi ɗaya. Gonar mutum tana iya zama a ƙetare, surukansa ma haka. Naira ta fi sefa yawo a hannun mutane. Damasak da Malam Fatori na Najeriya sun fi Yamai kusa da zuciya, balle da ƙafa, tunda tsakanin Diffa da babban birnin ƙasar akwai fiye da kilomita 1,300.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai an ja shi ba. A Nuwamban 2014 Boko Haram ta kama Damasak, dubban mutane suka afka kogi a lokacin da ya fi cika, suka fito a wajen Shetimari da Gagamari. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 aka kai hari Bosso da Diffa, kwanaki kaɗan bayan haka gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci. Aka hana hawa babur, aka hana cinikin kifi da tattasai, aka taƙaita taki da fetur, don toshe hanyar kuɗi da makami ga 'yan bindiga. A watan Yunin wannan shekara aka kashe mutum 38 a Lamana da Ngumawo cikin ƙasar Geskeru. Ranar 3 ga Yunin 2016 aka sake afka wa Bosso, mutum wajen dubu 50 suka watse cikin 'yan kwanaki. Wasu ƙauyukan hari ne ya tashe su, wasu umarnin hukuma, wasu kuma tsoro kawai. Jihar Diffa da a ƙidayar 2012 ba ta cika mutum dubu 600 ba ta wayi gari da kimanin dubu 250 waɗanda ba sa kwana a gidajensu.

To me ake kewa?

Abu na farko da maza ke ambata shi ne aiki. Ba kuɗin ba tukuna, aikin kansa. Mutumin da tun yana yaro ya san ranar da za a buɗe ruwa, ya san wace fadama ke riƙe danshi, ya san ciwon tattasai tun ganye bai nuna ba, duk wannan ilimi ba shi da inda zai zauna a kan tudun rairayi. Kifi a ruwa sarki ne. A bakin kwalta abin da ya rage masa shi ne saran itace, ko buga bulo, ko dako a kasuwa, ko jiran ranar rabo. Katin rabon abinci ya zama babbar kadarar gida. Za ka ga an naɗe shi cikin leda, an sake naɗewa cikin ƙyalle, uwargida ta ɗaure shi a bakin zane inda a da take ɗaure kuɗin adashi. Mutumin da ya saba fitar da zakkar buhuna, wanda almajirai suka san ƙofar gidansa, yanzu shi ne a layi ana kiran lamba. Da yawa daga cikin dattawan ba yunwa ce ta karya su ba. Kunya ce.

Na biyu shi ne a san ka. A ƙaramin gari sunan mahaifinka shi ne jinginarka. Ɗan kasuwa zai ba ka taki da fetur bashi har kakar tattasai ba tare da takarda ba, domin ya san gonarka, ya san kakanka. In ka yi rashin lafiya an sani kafin azahar. In 'yarka ta isa aure, babu mai buƙatar bincike. Wannan arziki ne da ba a sa shi a buhu, kuma ranar da gari ya watse ya watse tare da shi. Mafi ɗaci ma, sanin ya juye ya zama zargi. Da yake wasu samarin kwarin sun bi 'yan bindiga, wasu don aƙida, wasu don babur da kuɗin aure, sai sunan ƙauyen mutum ya zama abin da yake faɗa a hankali a shingen bincike. Ɗaruruwa aka kama aka kai gidajen kason Kollo da Kutukale, can kusa da Yamai, inda iyayensu ba su da kuɗin motar zuwa. Garin da kake alfahari da shi ya zama abin da kake ɓoyewa, alhali kewarsa na cin ka. Ban san wani nau'in baƙunta da ya fi wannan nauyi ba.

Kewar mata ta fi shiga lungu. A gida akwai katanga, akwai zaure, akwai inuwar tsamiya ko ta goriba a tsakar gida, akwai ɗakin da aka jera kwanonin aure tun daga ƙasa har sama. A zango zana ɗaya ce tsakaninki da maƙwabta, tari ma ana ji. Iska ta kwashi rairayi ta zuba a tukunya, ƙarangiya ta manne wa yara a ƙafa. Ruwan da a da ake zuwa a yi wanki da wanka a bakinsa ba tare da lissafi ba, yanzu jarka ce a layin famfo tun kafin kiran salla. Miya kuma ta canza. Wadda ta tashi da ɗanyen kifi a tukunya kusan kullum, ga albasa da tattasai daga garkar bayan gida, yanzu da kuɗi take sayen ɗan ƙullin garin tattasan da wataƙila a gonar ƙauyensu aka noma shi. Tsofaffi kuma damuwarsu maƙabarta ce. Kowa yana son a kwantar da shi kusa da iyayensa, ga shi sabuwar maƙabarta tana faɗaɗa a bayan zango.

Garin Diffa kansa ya yi abin da ya kamata a rubuta a ajiye. Kafin ƙungiyoyin agaji su kafa rumfa, mutanen gari ne suka buɗe ƙofa. Gidan mutum goma ya koma na talatin, aka ba da zaure, aka ba da kango, aka raba tuwo. Sansanin Sayam Forage da aka buɗe a ƙarshen 2014 yana can cikin daji nesa da kogi, mutane da yawa suka gwammace su raɓe wurin dangi. Amma alheri ma yana gajiya idan shekaru suka yi yawa. Haya ta tashi, itace ya yi tsada, unguwanni irin su Awaridi suka tsiro a gefen gari, musamman bayan hare-haren Maris na 2019. Ga ɗan ƙauye, Diffa birni ne: komai da kuɗi, har wurin ɗaure akuya. Yana iya hango itatuwan bakin kogi daga ƙarshen gari, amma ba nasa ɓangaren kogin ba ne, kuma kowace fadama da mai ita.

Su kansu 'yan asalin Diffa suna da tasu kewar, ko da ba su gusa ko'ina ba. Suna tuna garin da babu dokar hana fita, da 'yan kabu-kabu ke kai mutum ko'ina, da ake hira a ƙofar gida har dare ya raba. Gari na iya tashi ya bar mutum yana zaune a cikinsa.

Labarin mutanen tsibirai ya fi kowanne rikitarwa. Bayan harin Karamga na 25 ga Afrilun 2015, inda aka kashe sojoji 46 da fararen hula 28, hukuma ta ba mazauna tsibiran tafkin Chadi 'yan kwanaki su fice. Wajen mutum dubu 25 suka taka a ƙafa cikin zafin watan Mayu zuwa Ngigmi da Bosso, wasu ba su kai ba. A cikinsu akwai Buduma masu shanun Kuri, waɗanda ƙahoninsu ke kumbure kuma suke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri. Saniyar da ta saba da ciyawar ruwa ba ta jure tudu. Akwai kuma Hausawa masunta, waɗanda iyayensu suka biyo kifi daga Sakkwato da Kabi da Haɗeja shekaru da dama da suka wuce. Dubbai daga cikin waɗannan aka tsallakar da su Gaidam, daga nan aka zuba su a motoci zuwa jihohin da aka ce nasu ne. Ga hukuma, an mayar da su gida. Ga yaron da aka haifa a tsibiri, wanda ya koyi tuƙa kwale-kwale kafin ya iya karatun allo, wanda ƙamshin hayaƙin banda shi ne ƙamshin ɗakin uwarsa, garin kakansa shi ne baƙon wuri. An karɓe shi, an kira shi ɗa, amma duk wanda ya tambaye shi daga ina yake, sunan tsibiri zai faɗa.

Samari kuwa sun yi nisa. Hana babur kaɗai ya raba dubbai da sana'a. Wasu suka nufi Damagaram, wasu Yamai, wasu Agadas da ramukan zinariya na Jado kafin a rufe su a 2017, wasu suka zarce Libiya. Ɗan Komadugu a Yamai yana da kogi a gabansa, babba ma, ga gadoji, amma kasuwa da Zabarmanci take magana, ofis da Faransanci, kuma sai ya sake koyon lissafi da jika da dala bayan ya tashi da naira. Idan ya ce daga Diffa yake, sai a ɗan yi shiru, sannan a tambaye shi labarin Boko Haram. Ba mai tambayarsa tattasai. Da dare ya buɗe WhatsApp ya saurari saƙonnin murya na 'yan garinsu, waɗanda yanzu suke warwatse a ƙasa uku ko huɗu. Bayan gaisuwa da ta'aziyya, tambayar da ba ta wucewa a ƙarshen damina ita ce: ruwa ya iso? Mutumin da ba shi da ko kunya ɗaya ta shuka a bana yana son ya ji inda kogi ya kai.

Akwai masu ganin wannan duk rauni ne. Su ce ƙasar Allah da faɗi, Bahaushe ma ya ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, a rungumi ƙaddara a ci gaba. Ban yarda da su ba. Wanda ya fita fatauci ko cin rani ya bar gida da ƙafarsa, ya san ƙofa na nan a buɗe, kewarsa tana da ranar ƙarewa. Wanda aka tasa da dare bai yi sallama da kowa ba, bai rufe ɗaki ba, bai tsinke abin da ya shuka ba. Kuma an ga irin wannan a wasu wurare. Lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968, an tashi tsohuwar Busa da ƙauyukan Gungawa na ƙasar Yawuri, aka gina musu sababbin gidaje. A Sudan, daga 1964, an kwashi Nubiyawan Wadi Halfa kimanin dubu 50 a jirgin ƙasa daga bakin Nilu zuwa filin Khashm el-Girba saboda madatsar Aswan; an ba su gidaje da gonaki, aka sa wa wurin suna Sabuwar Halfa, duk da haka wasu suka ƙi tashi, wasu suka koma suka kafa gari a bakin sabon tafkin. Waɗancan an shirya musu, an biya su wani abu. Mutanen Komadugu tamfol suka samu. Masu agaji sun iya ƙidaya buhu da bargo da allurar rigakafi, kuma Allah ya saka musu, sun ceci rayuka. Amma babu layi a takardarsu na mutumin da ya rasa inda ake jin maganarsa.

Shi ya sa mutane suke komawa ko da an hana su. Tun dokar na da zafi akwai masu saɗaɗawa gona da sassafe su dawo kafin duhu. Da aka sassauta hanin tattasai a 2017, na kamun kifi kuma a 2019, sai komawar ta ƙaru, tare da haɗarinta: satar mutane don kuɗin fansa ta yawaita, manomi da masunci suka shiga tsakanin harajin 'yan bindiga da zargin soja. Mutanen Ngalewa har yau suna ambaton mata da yara 39 da aka sace musu a Yulin 2017. Kogin ma bai sassauta ba. A Oktoban 2019 ya yi ambaliyar da ta raba fiye da mutum dubu 20 da matsuguninsu, ya sake yi a 2022, wasu iyalan suka yi gudu na biyu da na uku. Duk da haka, in ka ga layin masu jiran mota zuwa bakin kogi a lokacin dashe, za ka san lissafin da suka yi ba na riba da asara ba ne kaɗai.

A watan Yunin 2021 gwamnatin Mohamed Bazoum ta fara mayar da mutane garuruwansu, aka soma da Barwa, kusa da tafki, inda kusan mutum dubu 6 suka koma bayan shekara shida. An ga manyan motoci cike da tabarmi da awaki, an ji guɗa. Abin da suka tarar kangaye ne, rufi ya zube, ƙaya ta cinye tsakar gida, sai mutum ya nemi bishiyar da ya sani kafin ya gane inda ɗakinsa yake. Wata biyu bayan haka, a ƙarshen Agusta, aka kai wa sojojin da ke gadin garin hari, 16 suka rasu. Mutane da yawa sun zauna duk da haka. Amma sun gano cewa bango ana sake gina shi, maƙwabcin da ya mutu a Kinjandi ko ya zarce Libiya kuwa ba ya cikin motar.

Sannan ga yara. Wanda aka goyo a baya a 2015 yanzu ya kai shekarun kiwo da tallar goro, kuma bakin kwalta ne garinsu. A nan ya shiga makaranta, wadda wataƙila babu ita a ƙauyen, a nan ya iya Hausa fiye da iyayensa, a nan abokansa suke. Bai iya iyo ba. Idan uba ya fara zancen gida, yaron yana saurara da ladabi kamar yadda ake sauraron tatsuniya. Uwa kuma, duk da kewarta, ta saba da asibiti kusa da famfo kusa, kuma ita ce ta san abin da ta gani a daren da suka gudu. Gidaje da yawa sun raba abin biyu: maigida da manyan 'ya'ya maza su tafi bakin kogi daga dashe zuwa tsinka, su kwana a bukka kusa da inji, mata da ƙanana su zauna a Diffa ko a zango, inda wasu suka samu fili suka fara ɗora bulo a gurbin zana. Idan tattasai ya bushe aka kai kasuwa, kuɗin da kogi ya bayar a bakin kwalta ake kashe shi, a sayi kwanon rufi da ƙofar ƙarfe, a biya kuɗin littattafan yara.